Fim Ɗin da Babu Uwa a Cikinsa

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya ba ni Malam Iro, kuma Ya karɓi abinSa. Ni Asabe ban iya riƙe alƙalami ba. Rabi matar Garba ce ke rubutawa, na kuma ce mata in na tsaya ina kuka ta ajiye biro ta jira ni, kada ta cike min gurbi da maganarta. Ku uku nake wa wannan bayani, Haruna da Hajara da Garba, domin na ji abin da ake faɗa a Nasarawan Doya, cewa na bar mahaifinku yana kwance ranga-ranga na ɗauki mayafi na tafi Ikara. Gaskiya ne na tafi. Hajara ba ta taɓa faɗa min a fuska ba, amma tun daga ranar a tsaye take gaishe ni, ba ta kuma shiga gidan da wanta yake. Ina so ku san abin da ya fitar da ni, tun ina da bakin faɗa.

Mahaifinku manomin rake ne, amma kafin ku san shi da furfura mutum ne mai son fim ɗin Indiya kamar ya yi me. A zamanin da doki ke juya mana injin matse rake, in an gama dafa mazarƙwaila shi ke bin mota ya kai Zariya. In ya sayar ba ya dawowa sai ya shiga silima. Washegari bayan la'asar sai ya zauna bakin rumbu, ni da Inna mahaifiyarsa da matan maƙwabta muna ɓarar gyaɗa, ya ba mu labarin tun daga farko har ƙarshe. Ba ya jin Indiyanci ko kalma, amma ba ya yarda. Shi ne sarki, shi ne ɗan fashi, shi ne budurwar, har waƙar sai ya yi da hanci yana karkaɗa wuya. Inna takan ce, “Kai, da karatu ka riƙe haka da yanzu kai ke limanci.” Ni da ban taɓa taka ƙofar silima ba, a bakinsa na san jirgin ƙasan Indiya da ruwan samansu da iyayensu mata masu farin zane.

Da ciwon suga ya kama shi, ido ya fara tafiya a hankali, har ya zamana rana da inuwa kaɗai yake bambantawa. A lokacin Garba ya buɗe shagon caji a Makarfi, yana tura wa mutane fina-finai a waya, sai ya kawo mana wata ƙaramar talabijin mai aiki da hasken rana. Yanzu ana fassara fina-finan da Hausa, saboda haka magana ba ta wuce Malam, sai dai abin da ido ke gani. Nan aiki ya juyo kaina. Ina zaune gefensa ina faɗa masa: ta sunkuyar da kai, ya ɓoye wuƙa a baya, yaron ya laɓe a bayan ƙofa yana ji. Tun ranar farko ya kafa min sharaɗi.

“Asabe, abin da kika gani shi za ki faɗa. Kada ki ji tausayina ki gyara musu fim.”

Ban kuwa taɓa gyarawa ba.

Dole in tsaya nan in yi maganar wanku, ko da yake har yau sunan yana min nauyi a harshe. Haruna ɗan farinmu ne, kuma sunan mahaifin Malam aka sa masa, kunya ta zama biyu. Ta wajen uwata akwai jinin Filani, a gidanmu mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta amsawa in an ce ɗanta ne. Ana yaye shi Inna ta ɗauke shi. Maisuna muke ce masa, shi kuma ya tashi yana ce min Yaya kamar yadda ya ji ƙannen Malam na faɗa. Haka aka yi wa yayata, haka aka yi wa Malam kansa, ba wanda ya ɗauke shi ƙiyayya. Nakan zaɓi tsoka mafi kyau in sa a kwanon Inna don na san bakin wa za ta shiga. Na ɗauka ya sani.

Shi ya riƙe fadamar nan tun ƙarfin mahaifinsa ya fara raguwa. Shi ya kawo injin ban ruwa, ya koyi kwance shi da ɗaurawa da hannunsa. Da Garba zai yi aure, Malam ya tara ƙannensa a zaure ya ce gefen rafi, inda rake ya fi kauri, na Garba ne, ya sami abin riƙe gida. Haruna ya ce, “Baba, ni fa?” Malam ya juya ga ƙanensa ya kama zancen taki, domin uba ba ya tanka wa ɗan fari a gaban jama'a. Da mutane suka watse sai Haruna ya shigo tsakar gida, ƙafarsa duk taɓo, ya tsaya tsakanin ɗakina da turakar Malam.

“Tun ina yaro nake cikin fadamar nan. Ban ce a gode min ba. Amma ko sunana ban taɓa ji a bakin ɗayanku ba. In ba ku kuka haife ni ba ku faɗa min, in je in nemi nawa.”

“Fitar min da rashin kunya daga gida,” in ji Malam.

Ya fita. Ya kwashi matarsa da 'ya'yansa ya koma Ikara, ya buɗe wurin gyaran injin ban ruwa. Da yamma na kai wa Malam tuwo bai taɓa ba, yana ta murza carbi, can ya ce, “Shi da ni ai abu guda ne. Mutum yana yanka wa kansa gona ya ba kansa? Duk sauran ba nasa ba ne?” Na ce to ya faɗa masa mana. Ya dube ni, a lokacin yana gani, ya ce, “Ni? Ɗan fari?” Ni ma ban iya ba. Garba kuwa da aka yi abin dominsa bai ko son noma, gefen rafin ya zama ciyawa. Shekaru suka yi ta wucewa. Da salla Haruna yakan aiko da shadda da buhun shinkafa, amma ƙafarsa ba ta zo ba. Ikara ba nisa gare ta ba, mai babur yana zuwa ya dawo kafin a sauke tukunya.

A shekarar da nake ba ku labari akwai wani fim ɗin Indiya da Malam ya maƙale wa. Labarin wani tsoho ne mai fito da kwalekwale a bakin wani babban kogi. Suka saɓa da ɗansa a kan kwalekwalen, yaron ya yi fushi ya tafi birni yana aikin gini. Akwai wani mugun mai kuɗi da ke son ƙwace mashigin, akwai wani wawan abokin yaron mai tuntuɓe da komai, akwai budurwa da ake rawa da ita cikin ruwan sama, abin da Malam ke cewa in taƙaita masa don ya tsufa. Amma ƙashin bayan labarin uwar ce. Da tsohon ya kwanta ciwo sai ta ɗaure 'yan kayanta ta hau jirgin ƙasa, ta yi ta yawo a birni, har ta tsaya ƙarƙashin wani dogon bene ta ɗaga kai ta ƙwala kiran sunan ɗanta, ma'aikata duk suka tsaya. Ya sauko, suka koma tare, uban ya tashi zaune, aka yi waƙa. Duk lokacin da aka zo wurin kiran nan sai Malam ya ce hayaƙin murhu ya shigar masa ido, alhali ba wuta a gidan.

Wata Juma'a Garba ya zo gaisuwa ya tarar da mu a kai. Ya tsuguna ya gaida mu, ya leƙa talabijin ya yi dariya.

“Baba, wannan da kake ta maimaitawa ai ba nasu ba ne. Kwafa suka yi.”

“Kwafar me, ja'iri?”

“Na wasu Turawa ne. Indiyawa suka ɗauko suka sa masa rawa da barkono. Da yawa haka suke yi, wani ma har inda aka ajiye kujera ba sa canzawa.”

“Ƙarya kake. Bature ya san uba ne balle ya yi fim a kansa?”

“Wallahi, Baba. Ina da shi a shago.”

“To kawo min shi. In ƙarya ce ka noma min gefen rafin nan da hannunka.”

Garba ya ce ai gara a ɗaure shi. Muka yi dariya, ban san dariyar ƙarshe ce da za mu yi mu uku ba.

Ya kawo. Wannan ba a fassara shi ba, sai wani rubutu da ke wucewa a ƙasa, Garba na karanta mana abin da ya gane. Bai sha wahala ba, domin mutanen ba sa magana. Ƙasa ce mai ƙanƙara, ruwan ba kogi ba ne, teku ne baƙi, tsohon kuma masunci ne mai jirgin katako. Faɗan da suka yi da ɗan bai kai a sha ruwa ba: uban ya faɗi kalma, ɗan ya faɗi kalma, ya ɗauki jaka ya ja ƙofa. Babu mugun mai kuɗi, babu wawa, babu wanda ya doki wani. Ni da na saba bakina ba ya hutawa a na Indiya, sai na rasa abin faɗa.

“Me ake yi?” in ji Malam.

“Yana zaune.”

“Sai me?”

“Yana zaune har yanzu.”

“Garba, duba, abin nan ya tsaya.”

“Bai tsaya ba, Malam,” na ce, “ga tururin shayinsa na motsi.”

Ya yi tsaki ya ce wannan ai zaman makoki ne ba fim ba, an yi tafiya mai nisa ba a ko buga ganga ba. Amma bai ce a kashe ba. Na ci gaba da faɗa masa ƙananan abubuwa, tun da su kaɗai ne akwai. Tsohon ya dafa abinci ya ɗauko faranti biyu, ya tsaya, ya mayar da ɗaya. Ya fita ya kankare jirgin yana shafa masa fenti, jirgin da aka yi faɗan a kansa, ko da yake ba shi da ƙarfin tura shi ruwa. Akwai waya a jikin bango, yakan ɗauka ya kara a kunne ya danna lamba, kafin ta shiga ya ajiye. Na lura Malam ya daina tsaki. Ya matso da kunnensa wajen bakina, ba wajen talabijin ba.

“Ina uwar? Ba a nuno ta ba tukuna?”

“Ban ga mace ba ko ɗaya.”

“Babu uwa a wannan, Baba,” in ji Garba. “Ta mutu tun kafin a fara. Ita ce a hoton can na bango.”

“To wa zai je?”

Fim ya ci gaba. Tsohon ya fara tari, ya rage fita, ƙanƙara ta rufe jirgin. Wata safiya maƙwabcinsa ya ga hayaƙi bai tashi daga gidan ba, ya tura ƙofa. Sai aka nuno ɗan a cikin mota, shi ma ya fara furfura. Malam ya ji ƙarar mota ya kama hannuna.

“Ya zo?”

A nan ne kaɗai a duk zamanmu na so in gyara fim. Garba ya dube ni yana girgiza kai, wai in ce e kawai. Amma akwai sharaɗi tsakanina da mutumin nan.

“Ya zo, Malam. Amma an riga an binne.”

Na faɗa masa sauran. Ɗan ya shiga ɗakin ya tsaya, bai yi kuka ba. Ya fita bayan gida ya share ƙanƙarar da ke kan jirgin da hannun riga, sai ga sunansa, shi ɗan, an rubuta da sabon fenti. Ya daɗe a tsaye. Ya kulle gidan ya tafi. Rubutun ƙarshen fim ya hau, babu waƙa.

Garba ya naɗe wayoyinsa. Garba ya so ya sassauta abin, ya ce, “Ka gani ko, Baba? Ɓarayi ne.” Sai Malam ya ce a'a. Ya ce duk raken da ke fadamarmu daga gonar wani aka yanko irinsa, ba wanda ya ce mana ɓarayi, kuma wanda ya sha ya san na Nasarawan Doya ne ba na Kudan ba, don ƙasa ce ke sa zaƙi. Ya ce na Baturen ya fi gaskiya, shi ya san haka tsofaffi suke yi, ya san farantin nan da aka mayar. Sannan ya ce, “Amma Indiyawan da suka kalla, sun ga abin da ya kashe tsohon. Ba tari ba ne. Shi ya sa suka sauko da matar daga bango suka sa mata takalmi.”

Washegari ya ce in sa masa na Indiyan, amma ba daga farko ba, daga inda uwar ke ɗaure kaya. Muka zo inda za ta fita.

“Ta nemi izinin mijin?”

“Ta tsaya a bakin ƙofa da ƙullinta. Shi yana kwance, ya juya fuska bango.”

“Idonsa biyu?”

“Biyu. Yana jin ta.”

“Bai hana ba?”

“Bai hana ba.”

Ya ce a kashe haka, ya gaji. Bai ƙara neman wani fim ba har ya bar duniya. Na zauna da mutumin nan tun ina yarinya mai tsoron muryarsa har na zama mai yanke masa farce, na san abin da aka ce min. Sai dai ban tashi nan take ba. Na yi ta cewa gobe. Ba tafiyar ce ke ba ni tsoro ba, abin da zan yi in na isa ne.

Cikin zafin bazara ƙafarsa ta kumbura, ya daina cin abinci sai kunu. Aka kai shi asibiti a Makarfi aka dawo da shi da magunguna. Hajara ta baro gidan mijinta ta zo jinya, kuma ina shaida a gaban Allah ba ɗiyar da ta yi wa uba abin da ta yi. Ta kira wanta a waya ba sau ɗaya ba. Da farko yakan ɗauka ya ce Allah ya sawwaƙe, me ake buƙata a aiko. Da ta matsa masa sai ya ce, “Shi ya ce in zo?” Hajara ta kai wayar bakin Malam, Malam ya rufe ido ya yi kamar barci. Daga nan Haruna ya daina ɗauka.

Ranar da na tafi, da hantsi ne, na ga hancinsa ya yi tsini, na taɓa ƙafarsa na ji sanyi a cikin wannan zafi. Na ga irin haka a jikin Inna gab da rasuwarta. Na shiga ɗaki na ɗauko mayafi, na tsuguna a gefen gadonsa.

“Malam, zan je Ikara.”

“Me za ki sayo a Ikara?”

“Ba sayayya ba ce.”

Sannan ya juya fuskarsa bango ya ce, “Ki tafi da ruwa. Rana da zafi.”

Hajara ba ta ji wannan ba, tana wajen murhu. Ta tare ni a zaure da ludayi a hannu.

“Iya, ina za ki? Jikin Baba ba na bari ba ne yau.”

“Shi ya sa zan tafi.”

“Wanda bai zo don ubansa ba, don ke zai zo? Iya, ki zauna don Allah. In wani abu ya faru fa?”

Na ce mata zan dawo kafin azahar da yardar Allah. Da haka na yi niyya. Mai babur ya kai ni Makarfi, na shiga mota zuwa Ikara. Na tambayi masu tumatir inda ake gyaran injin ban ruwa, aka nuna min. Na tarar da rumfa cike da injuna da baƙin mai, amma ba ya nan. Maƙwabcinsa mai walda ya ce tun safe aka zo aka ɗauke shi zuwa Kudan, injin wasu masu rake ya lalace a fadama. Ya ce bari ya kira shi. Na ce a'a, waya ta riga ta yi iyakar ƙoƙarinta.

Mai zuwa Kudan daga Ikara ta Makarfi yake bi. Aka sauke ni a tashar Makarfi ana kiran azahar. Ga masu babur na garinmu a inuwa, ɗaya ma ya gane ni ya ce, “Iya, gida?” Ga kuma motar Kudan tana lodi. Hajara, a nan nake so ki tsaya ki saurara. Na san alkawarin da na yi miki. Na tsaya a rana da gorar ruwa a hannu, ƙafata ɗaya tana son gida. Na tuna hoton matar nan a bango, tana kallon mijinta yana ɗaukar waya yana ajiyewa, ba ta da ƙafar sauka. Ni ina da ƙafa. Na shiga motar Kudan. Ba wanda ya tura ni, kuma hankalina ɗaya.

Sai bayan la'asar na same shi. Fadama ce babba, maza sun kewaye injin a bakin rijiya, shi yana tsugune a tsakiya ya ba ni baya. Na gane shi da wuyansa, wuyan mahaifinsa ne. Tsakanina da su akwai kwatar ruwa mai faɗi da ba zan iya tsallakewa ba. Wani dattijo ya hango ni ya ce, “Baiwar Allah, wa kike nema?” Na buɗe baki in ce Maisuna, sai na ga a nan ba wanda ya san wani Maisuna, kuma in shi ya ji, abin da ya gudu ya bari ne ya biyo shi. A fim ɗin matar ta ƙwala kira har tsuntsaye suka tashi. Ni muryata ba ta fita da kyau ba, kamar ta akuyar da aka shaƙe. Sai da na sake.

“Haruna!”

Mazan suka juyo. Shi bai juyo ba, amma hannunsa ya tsaya. Na ce, “Haruna, ni ce uwarka. Ni na haife ka. Ubanka yana mutuwa, kuma ba zai iya cewa ka zo ba, kai ma ka san ba zai iya ba. Gonar da bai yanka maka ba, don duk taka ce. A bakinsa na ji, ranar da ka tafi.” Duk wannan a gaban baƙin maza, kaina ba ko sunkuyawa. Ya ajiye sifanar da yake kwance injin da ita a hankali, ya shigo cikin kwatar da takalminsa, ya haye, ya durƙusa a gabana cikin taɓo.

“Yaya, ke kaɗai kika zo? Kin ci abinci?”

Abin da ya ce ke nan. Bai rungume ni ba, ba mu iya wannan ba. Ya ari babur ya goya ni. Kafin mu tashi ya ciro wayarsa ya duba, na ga fuskarsa ta canza. Kiran Hajara ne jere tun azahar, yana gani yana mayarwa aljihu.

Mun iso rana na shirin faɗuwa. Zaure cike da takalma. Malam yana da rai, amma baki ya rufe, numfashi kawai ke hawa da sauka. Hajara na zaune ta tallafe kansa, ta dube ni sau ɗaya ta kawar da fuska. Haruna ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shiga. Ni kuwa na zauna inda na saba zama, na kai bakina kunnensa, na yi aikina.

“Malam, na dawo. Ga shi a bakin ƙofa. Ya cire takalmi. Rigarsa duk baƙin mai, daga wajen aiki na ɗauko shi. Ya yi furfura a gemu, kaɗan, ta gefen hagu kamar taka. Ya shigo. Ya durƙusa. Hannun da ka ji a ƙafarka nasa ne. Yana kuka, Malam. Haruna ne.”

Ban sani ba ko ya ji. Garba ya ce ya ga yatsunsa sun motsa, Hajara ta ce tun rana suke wannan motsi. Ba zan ƙara abin da ban gani ba. Ya cika washegari da hantsi, Haruna na riƙe da ƙafarsa, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Yanzu ya dawo da iyalinsa, ya share gefen rafin, shi da Garba ba su ko yi maganar na wane ne ba.

A cikin takaba ne matar liman ta faɗa min abin da ya faru da azahar ɗin. Ta ce Malam ya farka ya yi ta kiran sunana, Asabe, Asabe, yana lalube da hannu a gefen da nake zama, ya yi wasu maganganu da Hajara kaɗai ta ji, har murya ta ƙare. A daidai lokacin ina tsaye a tashar Makarfi. Da na hau babur ɗin nan da na same shi yana magana. Wannan shi ne abin da na biya, kuma kullum in na idar da azahar sai na sake biya. Mutumin da bai taɓa neman ruwa ya rasa ni ba, ya neme ni a ƙarshe bai samu ba. Ina kuka a kan wannan, zan kuma yi ta yi har in bi shi. Amma da za a mayar da ni tashar, motar Kudan zan shiga.

Hajara, ba na ce ki daina jin zafi ba. Ke kika ji yana kira ba amsa, ni ban ji ba, ba zan ce miki abu ne mai sauƙi ba. Wanki kuma yana ɗauke da kiran wayar nan, ya ishe shi, kada ki ƙara masa. Abu ɗaya nake roƙo. Akwai wuni guda a rayuwar mahaifinki da ban gani ba, ke kaɗai kika gani. Ki zo ki zauna a tabarmata, ki faɗa min ta wane gefe ya kwanta, ko ya sha kunun, me ya ce bayan sunana. In ma fushi ya yi da ni, ki faɗa. Kada ki ji tausayina ki rage komai. Ina nan a ɗaki, ba inda zan sake zuwa.